Ciwon baya: abin da bel ya kasa yi mini

Da fatan yara da maigida suna lafiya, ke ma kina lafiya, duk da na san in da bayanki za a tambaya kai tsaye, ba lallai ya ce "lafiya lau" ba.

Tun ranar da muka tattauna batun jego a wannan fili, tambaya ɗaya ce take ta dawowa a ƙasan rubutun: "Anti, wane bel ne ya fi kyau na ciwon baya, kuma a ina zan samu?" Wata ta ce haihuwarta biyar, rabonta da yin ruku'u ba tare da ta cije leɓe ba har ta manta. Wata kuma amarya ce da cikin fari, tana so ta saya ta ajiye tun kafin ciwon ya zo. Ban amsa a can ba saboda amsar ta fi ƙarfin layi biyu, kuma ni kaina na taɓa zuba kuɗina a wannan rami. Bari in fara da nawa labarin, kada ku ce daga kan kujera mai laushi nake yi muku wa'azi.

Haihuwata ta uku tiyata aka yi mini. Na yi wankan gida wajen Inna, ana dafa mini ana wanke mini, bayana bai ce uffan ba. Ina dawowa ɗakina bayan arba'in, ga jariri, ga 'yar shekara biyu da ba ta yarda an yi mata ƙani ba, ga shara da wanki da girki, sai tsatsona ya fara magana. Da farko da yamma ne kawai. Kafin wata biyu, in zan tashi da asuba sai na dafa gado, na dafa bango, sannan in miƙe a hankali kamar tsohuwar da ta ga tattaɓa-kunne. Shekarata 31 a lokacin.

A wannan hali na ci karo da tallar bel a WhatsApp, irin hoton nan na "kafin" da "bayan": mace ta ranƙwafa a hagu, ta miƙe cak a dama tana murmushi, tumbin ma ya ɓace. Baƙi ne mai ƙarafuna a baya da maɗaurai uku a gaba. Kuɗinsa ya kai cefanen sati guda, na biya ko tayi ban yi ba. Kuma in faɗi gaskiya, ranar farko na ji daɗinsa sosai. Ya riƙe ni, ya ɗumama wurin, na ji kamar an sa mini sabon baya. Har na tura wa ƙawaye biyu lambar mai sayarwa, Allah ya yafe mini.

Wata huɗu ina ɗaura shi daga asuba zuwa isha. Zafin bazara ya zo, ƙuraje suka feso mini a ƙugu. Ƙwannafi ya zama abokin hira, rabin malmalar tuwo ya isa ya cika ni har wuya. Da dare kuwa in na kwance shi, ciwon yana nan zaune yana jirana kamar mai bin bashi. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Masu ba da fatawa ba su yi ƙaranci ba. Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, basir ne, a jiƙa miki saiwa." Maƙwabciyata ta rantse allurar bayan nan ce da aka yi mini lokacin tiyata, wai duk wadda aka yi wa ita da ciwon baya sai mutuwa. Wata ta ce sanyi ne. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha haɗin kemis. Daga ƙarshe maigida ya gaji da nishina ya kai ni asibiti, likita ya duba ni, ya tura ni sashen gashin ƙashi, wajen waɗanda ake kira likitocin fisiyo.

Na je da tsammanin za a ɗauki hoto a nuna mini ƙashin da ya goce. Matar ta danna nan ta danna can, ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni batun fitsari da bayan gida da zazzaɓi da rama. Sannan ta ce, "Hajiya, cire bel ɗin nan ki nuna mini yadda kike shara." Na ɗauka wasa take yi. Ta naɗe takarda ta miƙo mini, ta ce in ɗauka tsintsiya ce. Na duƙa na nuna. Ta ce minti nawa nake yi a haka? Na ce tsakar gida da ɗakuna, safe da yamma, kamar rabin awa kowanne. Wanki fa? A baho, a ƙasa, a sunkuye. Wanke-wanke? A ƙasa. Girki? Kurfoti, a kan kujera 'yar tsugunno. Ta lissafa da biro a bayan katina, sai ga shi ina shafe fiye da awa huɗu kullum a lanƙwashe kamar lauje, kuma yawanci da yaro a goye. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To wane bel ne zai biya wannan bashin?"

Me yake ciwo a bayan?

Gadon bayanmu ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera kan juna, 24 daga cikinsu masu motsi, biyar na ƙasa su ne na tsatso, su suka fi ɗaukar nauyi. A tsakaninsu akwai faya-fayai masu laushi kamar matashi. Kewaye da su kuma tsokoki ne, na baya da na ciki da na mazaunai da na ƙasan mara, su ke riƙe da ginin. Wato an riga an ɗaura mana bel tun daga ciki, na nama, kuma shi motsi ne abincinsa.

Juna biyu yana taɓa wannan bel ɗin sosai. Mai ciki takan ƙara kilo 10 zuwa 12 ko fiye, yawanci a gaba, tsatso ya ƙara lotsawa, gaɓoɓin ƙugu su saki don shirin haihuwa, tsokar ciki ta miƙe har ta rabe a tsakiya ga mata da yawa. Ba a haihuwa yau ta koma gobe. Daidai lokacin da take da rauni ne kuma muke fara ɗauki-ajiye sau hamsin a rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, mata sun fi maza, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ita ce sanadi. Wannan magana ta ƙarshe haushi ta ba ni da farko, na ji kamar ana cewa raki nake yi. Daga baya na gane albishir ce. Ciwon na gaske ne, amma ba abin da ya karye ko ya goce, kuma yawancin sabon ciwo yana lafawa cikin mako shida in ana motsi. Shi ya sa likita bai yi gaggawar tura ni hoto ba. Mutane da yawa da bayansu bai taɓa ciwo ba, in aka yi musu hoton MRI za a ga wani faifan ya ɗan bultso ko ya zaizaye, kamar furfura ce ta cikin jiki. Wani lokaci tsoro kawai hoton yake ƙara wa mutum.

Batun allurar baya kuwa, gaskiya ne wurin da aka soka yakan yi tsami na kwanaki. Amma binciken da aka yi ana kwatanta matan da aka yi wa allurar baya wajen haihuwa da waɗanda ba a yi wa ba bai nuna tana jawo ciwon baya mai daɗewa ba. Waɗanda suka haihu da kansu a ɗaki ma kukan da suke yi ke nan. Na tsaya a kan wannan ne domin na san akwai matan da ke ƙin a yi musu tiyata saboda tsoron allurar nan, alhali rai biyu ne a hannun Allah a hannun likita.

Abin da aka gano game da bel

A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata uku. Cikin abubuwan da ta ce kada a riƙa ba masu ciwon akwai bel da duk dangoginsa na ɗaure ƙugu. Cikin waɗanda ta ce a yi akwai motsa jiki mai tsari, da wayar wa mai ciwo da kai, da tausa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta riga ta hana ba da bel tun 2016. A Amurka kuwa an bibiyi dubban ma'aikata masu ɗaukar kaya a manyan kantuna 160, sakamakon ya fito a shekarar 2000: masu ɗaura bel kullum ba su fi marasa ɗaurawa tsira daga ciwon baya ba.

To me ya sa na ji daɗinsa? Saboda matsi da ɗumi suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci, kamar yadda kike dafe kai in yana sarawa. Yana kuma tuna miki kada ki duƙa da garaje. Wannan amfani ne, ban raina shi ba. Ɓarnar da ya yi mini ita ce ya hana ni neman dalili. Da bel a ƙuguna na riƙa sungumar jarkar da a da ko kallonta ba na yi, don ina jin kamar da laya a jikina. In kuma na wanke shi bai bushe ba, ranar ko cokali ya faɗi sai na kira yaro ya ɗauko, tsoron motsi ya shige ni.

Shi kuwa mai matse tumbi, wanda ake ɗaurawa ƙarƙashin leshi ranar biki, ba ma na baya ba ne. Ba ya narkar da kitse, gefe yake tura shi. Yana takura numfashi, ya turo abinci sama, ya danna kayan ciki ƙasa a kan tsokar marar da haihuwa ta riga ta gajiyar. Mai jegon da fitsari ke ɗan kufce mata in ta yi tari ko atishawa ba ta buƙatar ƙarin matsi daga sama. In don kwalliyar awa uku ce a wajen dina, ba ni da ta cewa, ni ma na yi. Kada dai a sayar miki da shi da sunan magani.

Akwai inda bel yake da gurbi, kada in zalunce shi. Mai tsohon ciki da gaɓoɓin ƙugunta ke ciwo, ta gaban mara ko can ƙasa wajen mazaunai, musamman in ta juya a gado ko ta hau matakala, akan ba ta siririn bel da ake ɗaurawa ƙasa da cikin, a kan ƙashin ƙugu, kuma yana taimaka wa wasu. Bayan tiyata, lallausan maɗauri yana sa wasu su iya tashi su taka a kwanakin farko. Wanda ya karye a baya ko aka yi masa aiki, likita kan sa masa nasa na musamman. Duk waɗannan gwada su ake yi a jikin mutum, a ce ga lokacin sawa ga lokacin cirewa. Ɗaurin zanin da iyayenmu ke yi wa mai jego ma, in bai kai ga hana numfashi ba, ban ga aibinsa ba na 'yan makonni.

Tsintsiya, baho da jarka

Abu na farko da likitar ta cire mini daga kai shi ne wai duƙawa laifi ce. Ta ce an halicci baya ne ya lanƙwasa ya miƙe, kuma babu wani zama ko tsayuwa guda ɗaya da za a ce shi ne daidai ga kowa. Daɗewa a yanayi ɗaya ita ce matsalar, ko da kuwa zaman sarauniya kika yi.

Na koma gida na ɗaure tsintsiyata a jikin sandar tsohuwar mofa. Inna da ta zo ta gani ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Yau ga sharar 'yan boko." Na bar ta ta yi dariyarta. Bahon wanki na ɗora shi kan dakali, wanda ba ta da dakali benci ko bulo huɗu da katako sun isa, a dai samu ya kai ƙugu. In dole ne a ƙasa, ki zauna a kujera ki sa bahon tsakanin ƙafafunki kusa da jiki, kuma duk minti ashirin zuwa talatin ki miƙe, ki dafe ƙugu da hannu biyu ki ɗan banƙare, ki taka zuwa igiyar shanya ki dawo. Wankin sati na raba shi biyu. Ba wanda ya mutu.

Ruwa kuma, lissafinsa mai sauƙi ne: lita ɗaya kilo ɗaya. Jarka mai lita 25 rabin buhun siminti ce, kuma da hannu ɗaya muke ɗaukarta a karkace. Ki raba ta bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, ko ki yi sawu biyu. Mafi alheri ma, in akwai saurayi a gidan da ke kwance yana latsa waya, ko maigida yana nan, wannan aikinsu ne, musamman a watannin farko bayan haihuwa. Mun saba da cewa mace ta gari ba ta nuna gajiya. Wadda ta kwanta wata guda ba ta iya tashi fa, wa zai yi aikin? Wadda take jin nauyin faɗa ta tura wa maigida wannan rubutun, ta ce ni na ce.

Goyo ba abokin gaba ba ne. Nauyin da ke manne da jiki a tsakiyar baya ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda aka saɓa a kwankwaso ɗaya. Ki ɗaga yaron sama, ki tamke majanyi sosai, kada ya zazzago yana lilo a kan mazaunai. Inda ake cutuwa shi ne goyo da sunkuyo lokaci guda. Ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, ki auna wannan a kan bayan da ke duƙe yana cuɗa wandon makaranta. In za ki yi aikin duƙawa, ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ko da zai yi ɗan kuka. In kuma a kwankwaso kike riƙe shi, ki riƙa sauya gefe.

Wajen ɗaukar abu mai nauyi daga ƙasa, tukunya ce ko yaro, ki matsa kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwa, ki taso da ƙarfin cinya. Kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafafunki gaba ɗaya. Wajen shayarwa ki jingina, ki sa filo a cinya ki kawo yaron wajen nono, maimakon ki kai masa nonon ƙasa. Tashi daga gado kuma, ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu. Katifar da ta lotsa a tsakiya kamar kwale-kwale a juya ta ko a canza, amma ba sai kin koma kwana a kan siminti ba, matsakaiciya ta wadatar.

Minti goma a kan tabarma

Atisayen da aka ba ni ba ya buƙatar kayan wasanni ko fita waje. Nakan yi shi bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki ja cibiya ciki a hankali ki manna tsatsonki da tabarma, ki ƙirga biyar kina numfashi, ki saki, sau goma. Kamar ba a yi komai ba, amma tsokar cikin da ta yi barci ake tasa. Daga nan, a kwancen, ki ɗaga mazaunai sama har jikinki ya miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, ki ƙirga biyar ki sauko. Ranar farko uku na iya, cinyoyina suna karkarwa. Sai ki juya ki yi rarrafe, hannu da gwiwa a ƙasa, ki turo baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, sannan ki sake shi ya lotsa, a hankali, sau goma. Wannan na fi so, shi ke kwance mini ƙullin safe. In kin saba, a rarrafen ki miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya lokaci guda ba tare da ƙugu ya karkata ba, sannan ki sauya. 'Yata ta ɗauka doki na zama, sai da na riƙa tura ƙofa.

Akwai kuma matse ƙasan mara, kamar kina riƙe fitsari da iska lokaci guda, ki ƙirga biyar ki saki. Ana yinsa a zaune ko a kwance, ko kina shayarwa, ba wanda zai sani. Ba a dai yinsa ana tsakiyar fitsari.

Wadda aka yi wa tiyata za ta iya fara tafiya a hankali da matse mara da wuri, sauran ta bari sai an duba ta bayan mako shida. Mai cikin da ya wuce wata huɗu kada ta daɗe a rigingine, rarrafe da tafiya sun fi mata. Mai jego kuma ta gwada wannan: ki kwanta, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki danna yatsu sama da cibiya. In kin ji rami tsakanin tsokoki biyu da ya fi faɗin yatsu biyu, kuma yana nan bayan mako takwas da haihuwa, ki nemi likitan fisiyo, ki kuma guji irin atisayen nan na kwanciya a tashi zaune da ake gani a bidiyon rage tumbi. Ɗan tsami bayan atisaye ba komai ba ne. Ciwon da ke harbawa ƙafa kamar lantarki shi ne ke cewa tsaya.

Tafiya ma magani ce. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da ƙafa tare da wayar da kai sun kai kwana 208 kafin ciwon ya sake kwantar da su, sauran kuwa kwana 112. Ba sai kin fita titi ba. Zagayen tsakar gida bayan magariba, raka yara Islamiyya, zuwa barka a ƙafa maimakon a Keke, duk suna shiga lissafi. Kwanciya kwana da kwanaki saboda ciwo kuwa ƙara ƙulle bayan take yi.

Ni sati uku na yi ban ga komai ba, har na so in koma wa bel ɗina. A sati na shida na lura na tashi da asuba ban dafa bango ba. Har yau in na kwana ina tuƙin tuwon biki yakan leƙo, amma kwana biyu yake yi ya tafi.

Yanzu haka da kike karantawa, ina kanki yake? Kan babban mutum kusan kilo 5 ne. Wani likitan ƙashin baya a Amurka mai suna Kenneth Hansraj ya lissafa a 2014 cewa in aka sunkuyar da shi sosai, nauyin da wuya ke ji yakan kai kilo 27. Lissafi ne, ba wai wuyanki zai tsinke ba, amma awa biyu ana karanta littafin soyayya a sunkuye dole kafaɗa ta yi ƙorafi. Ki ɗaga wayar, ki jingina, ki riƙa miƙewa. Maɗaurin kafaɗar nan da ake talla don miƙar da doro kuwa, kina cire shi kafaɗa ta koma inda ta saba.

Ga masu 'yan mata kuma: tsakanin shekara 10 zuwa 15 akwai karkacewar ƙashin baya da ke fitowa a ɓoye, wadda likitoci ke kira sikoliyosis, ta fi tsananta ga mata, kuma hijabi da manyan riguna suna rufe ta. Ba jakar makaranta ke kawo ta ba, ba kuma rashin iya zama ba, don haka a daina dukan yarinya ana cewa "miƙe!" Ki sa ta a ɗaki da 'yar shimi ta sunkuya, hannaye a sake, ki duba ta baya. In gefe ɗaya ya fi tudu, ko kafaɗa ɗaya ta fi tsawo, ki kai ta asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. A nan ne rigar roba da ake auna wa yarinya take da amfani na gaske: binciken da aka buga a 2013 ya nuna tana hana karkatar ƙaruwa har ta kai ga tiyata ga yara da yawa, in an kama da wuri tun ƙashi yana girma.

Ciwon da ba a jira da shi

Duk abin da na faɗa na ciwon baya ne na yau da kullum. Akwai wanda ba bel ba atisaye, asibiti ne a ranar. In tsakanin cinyoyinki ko mazaunai suka yi dindiris, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba ba ki sani ba, ko ƙafa ta fara rauni tana jan ƙasa, jijiyoyi ne aka danne, kuma awanni suna da muhimmanci. Ciwon baya da zazzaɓi da zafin fitsari yana iya zama ƙoda. Ciwon da ba ya barin barci, ga rama ga gumin dare, a duba tarin fuka, domin yana kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari, yana warkewa da magani in an kama shi, in an bar shi kuwa ya kai ga ƙusumbi da shanyewar ƙafafu. Haka wadda ta faɗi, da mai sikila, da wadda ta taɓa ciwon dajin mama. Mai ciki kuma in ciwon baya yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda alhali wata tara bai cika ba, ko da jini ko ruwa, kada ta jira ranar awo.

Magungunan kemis irin su ibufurofen da dikilofenak suna rage ciwo, amma na 'yan kwanaki ne. Shan su wata da watanni yana cin ciki ya taɓa ƙoda, mai olsa da mai ciki kada su sha sai da likita. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda, ba ki san me ke ciki ba. Tiramadol kuwa kun san gidajen da ya rusa, kuma wasu da ciwon baya suka fara. Tsumma da ruwan ɗumi a kan tsatso na minti goma sha biyar ya fi su aminci, a dai kula kada a ƙone.

Bel ɗina yana nan a ƙasan durowa. Kwanaki na tarar yarona ya ɗaura shi a ƙirji yana cewa shi soja ne, aƙalla dai ya samu aikin yi. Ku gaya mini a ƙasa wane aikin gida ne ya fi tayar muku da ciwon, da dabarar da kuka yi masa, musamman masu jan ruwa a rijiya da masu daka, don su ban taɓo su ba yau. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.